Neman shawara kan sayen amfilifayar jita mai bawul don sautin hebi metal

Ɗan Mabera ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan'uwa. Ina neman shawara a kan wani al'amari da na san ba kowa ne ya damu da shi ba a Sakkwato, amma ina kyautata zaton akwai waɗanda suka riga ni shiga cikinsa. Shekara tara ke nan ina kaɗa jitar lantarki. Da salon mutanen Agadas na fara, wanda duk wanda ya saba bin hanyar Illela zuwa Birnin Konni ya sha jinsa a motocin haya, daga baya kunnena ya karkata ga kiɗan hebi metal. Abin da ya ja ni shi ne nauyin sautin, musamman lokacin da makaɗi ya danne tsirkiya da gefen tafin hannunsa ya buga, sautin ya fito a dunƙule, ya daki ƙirji, sannan ya tsaya cak ba tare da ya bar jela ba.

Abin da nake da shi a yanzu ƙaramar amfilifaya ce mai wat 20, marar bawul, wato kwalaben gilashin nan masu ƙarfafa sauti irin na rediyon da, wadda na saya a Sabon Gari ta Kano, tare da feda guda, ƙaramar na'urar da ake takawa da ƙafa, mai kausasa sauti. Ta yi mini hidima, ba zan raina ta ba, sai dai duk yadda na murɗa ta, abin da ke fitowa siriri ne mai zuza kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani, babu jiki, babu ƙasa. Na shafe shekara uku ina ajiye kuɗi daga albashina da ɗan abin da nake samu a noman albasa, kuma yanzu na kai matsayin da zan iya sayen babbar amfilifaya guda ɗaya ta gaske.

Hanyoyi uku ne a gabana. Ɗan baffana da ke zaune a Ingila ya samo Marshall JCM800, samfurin 2203 mai wat 100, ta hannu, ƙirar shekarun 1980, kuma ya ce zai iya haɗo ta cikin kayan da yake aikowa gida. Wani ɗan kasuwa a Legas yana da Peavey 6505, ita ma ta hannu, kuma ita ce mafi sauƙin kuɗi a cikin ukun. Ta uku Mesa/Boogie Dual Rectifier ce da wani abokina ya gani a Amurka, wadda ita ce zuciyata ta fi kwantawa da ita, ita ce kuma ta fi tsada.

Niyyata ba ta tsaya a kan guda ɗaya ba. Ina so, in Allah ya ba ni rai da hali, in tara uku ko huɗu cikin shekaru masu zuwa, ba don ciniki ba, sai don kowace tana da muryarta, kamar yadda goge da gurmi da kuntigi duk tsirkiya ce amma ba a ɗaukar wani a madadin wani. Da wacce ya kamata in fara? Shin zafin garin nan da yanayin wutarmu ba za su kashe mini ita cikin shekara guda ba? Me kuma ya kamata a duba kafin a biya kuɗi, tunda ba ni zan tsaya a gaban mai sayarwa ba? Allah ya saka wa duk wanda ya amsa da alheri.

Baba Mai Rediyo ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ni ba makaɗi ba ne, kuma wannan kiɗan naku ban iya bambance mai kyau da marar kyau a cikinsa ba, amma na fara gyaran rediyo tun lokacin da bawul ne a cikin kowace, na kuma gyara amfilifayoyin masallatai da na masu wa'azi da na makaɗan biki fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Saboda haka tambayarka ta biyu zan amsa, kuma a ganina ita ce ya kamata ta zo a farko.

Ka fara da abin da aka rubuta a bayan na'urar, kusa da inda wayar wuta ke shiga. Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, daidai da ta Ingila. Ta Amurka kuwa bolt 120 ce, sau 60 a daƙiƙa. Duk amfilifayar da aka ƙera don kasuwar Amurka, idan ka soka ta a bangon ɗakinka kai tsaye, ka ba ta kusan ninki biyu na abin da za ta iya ɗauka. In ka yi sa'a fis ne zai ƙone, in ba ka yi ba kuwa babbar taransifomar cikinta ce za ta tafi. An taɓa kawo mini irin wannan: wani saurayi ya karɓi kaya daga ƙasar waje, murna ta hana shi karanta bayan, ya sauya kan fulogi kawai ya kunna. Da na buɗe, ƙaurin fenti da ya ƙone ne ya fara tarbata, takardar da ke naɗe da wayar taransifomar ta koma baƙa ƙirin, wani abu kamar kwalta ya tsiyayo ya daskare a kan ƙarfen. Wata bakwai na'urar ta yi a shagona kafin a samo madadin.

Ana iya amfani da ta Amurka idan an sa mata taransifomar rage wuta a waje, amma ka nemi babba, mai wat 1,000, domin amfilifayar da ake kira mai wat 100 tana iya jan kusan wat 400 daga bango idan an buɗe ta sosai. Wat 100 ɗin abin da take miƙa wa lasifika ne kawai. Kuma ka sani cewa taransifomar da aka naɗa don sau 60 tana ƙara ɗumi idan aka ba ta sau 50. A ƙasar sanyi wannan ba wani abu ba ne. A nan, inda daga Maris zuwa Mayu zafi ke haura digiri 40 a inuwa, ƙari ne a kan ƙari.

Zafin kansa ba bawul yake fara kashewa ba, domin shi bawul da zafi yake aiki. Manyan kafasitocin da ke tace wuta su ne ke shan wahala. Akwai ruwan sinadari a cikinsu, kuma ƙa'idar da masu gyara suka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 yana rage rayuwarsu da kusan rabi. Maganin ba shi da tsada: kada ka manna bayan na'urar da bango, ka bar aƙalla taƙi biyu, ka sa ƙaramar fanka tana hura iska a bayanta duk lokacin da take kunne, kuma a watannin bazara ka yi kiɗanka da hantsi ko bayan la'asar ta yi sanyi, ba da tsakar rana a ɗakin kwano ba. Ƙurar hunturu ita ma abokiyar gaba ce, tana shiga cikin maɓallan murɗawa da ramukan da ƙafafun bawul ke zama, sai ka ji na'ura tana ƙarar ƙas-ƙas ba dalili. Ka rufe ta da zane mai kauri, amma sai ta huce, kuma ban da leda. Wani abu guda da garinmu ya fi bakin teku da shi shi ne bushewar iska: tsatsar da nake gani a kayan da suka daɗe a Legas ba na ganinta a kayan da suka zauna a nan.

Sai batun hawa da saukar wuta. Zaren da ke ɗumama bawul bolt 6.3 yake so, kuma idan wutar bango ta hau, shi ma ya hau tare da babbar wutar cikin na'urar, wadda dama tana kaiwa bolt 450 zuwa 500. Ka sayi sitabilaiza mai kyau, irin wadda ke jinkirta sakin wuta idan an dawo da ita, domin ɗaukewa da dawowa nan take a kan bawul mai zafi yana gajarta kwanansa. Ƙaramin injin janareta da ke shan mai gauraye da baƙin mai, kada ka kusanta shi da ita. Idan da sola za ka yi aiki, ka tabbata inbatarka mai fitar da wuta sumul ce irin ta layi, ba mai arahar nan da ke sa fanka gurnani ba. Kuma ka sa mai wayarin ya kafa maka sandar ƙasa ta gaske, a jiƙa wurin, a haɗa ta da soket ɗin ɗakin. Tsirkiyoyin jitarka a haɗe suke da jikin amfilifayar, kai kuma hannunka yana kansu. Gidaje da yawa a garin nan rami na uku na soket ado ne kawai, ba a haɗa shi da komai ba.

Abu biyu kuma ka riƙe su kamar karatun allo. Kada ka taɓa kunna amfilifaya mai bawul ba tare da an haɗa ta da lasifika ba, kuma lambar om da ke jikin amfilifayar da ta lasifikar su dace, 8 da 8, 16 da 16, in ba haka ba taransifomar fitar da sauti za ta lalace. Kada kuma ka sa hannu a cikinta ko da ka zare fulogi, domin kafasitocin nan suna riƙe wutar da za ta iya kashe mutum.

Makaɗin Gawon Nama ya rubuta:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, duk abin da ya faɗa haka yake, ba ni da abin ƙarawa a kai. Ni ta fuskar sauti zan yi magana, ɗan'uwa, domin ina da ɗan ɗakin ɗaukar sauti, kuma na taɓa kaɗa biyu daga cikin ukun da ka lissafa na tsawon lokaci, ta ukun kuma na gwada ta a Abuja.

Ra'ayina kai tsaye shi ne ka fara da 6505. Asalinta ita ce 5150 da kamfanin Peavey ya fitar a 1992 tare da shahararren makaɗin jita Eddie Van Halen, bayan sun rabu a 2004 aka sauya mata suna. Wat 120 ce, da manyan bawul 6L6 guda huɗu da ƙanana 12AX7 guda biyar, kuma wannan dunƙulallen sautin da ka siffanta, mai dukan ƙirji ya tsaya, a cikinta yake tun daga masana'anta, ba sai ka yi ta lalube ba. Ɗimbin faya-fayan metal na shekarun 1990 zuwa yau da ita aka ɗauka. Aibinta guda ne da ya shafe ka: tsabtataccen sautinta ba shi da daɗi, busasshe ne, saboda haka ranar da ka yi marmarin salon Agadas da ka faro da shi, ba za ta ba ka wannan ƙyallin ba.

JCM800, wadda Marshall ya fitar a 1981, uwa ce a wannan fage, da ita ƙungiyar makaɗan metal ta Slayer ta yi suna. Amma ka san abin da za ka saya. Samfurin 2203 tasha ɗaya gare ta, wato hanyar sauti guda ce a cikinta, kuma kaushinta ita kaɗai bai kai na metal ɗin zamani ba. Cizo gare ta a tsakiyar sauti, mai tsaga taro, amma sai an tura ta da feda, sai kuma an buɗe ta da ƙarfi kafin ta nuna halinta. Dual Rectifier kuwa, wadda ta fito a farkon shekarun 1990, akasin haka take: sautinta faffaɗa ne, ƙasansa mai yawa, kamar hadarin gabas. An ba ta wannan suna ne saboda hanya biyu take da ita ta daidaita wutar cikinta, ta bawul da ta dayod, kana zaɓa da maɓalli a baya. Ta bawul ta fi laushi, ta dayod ta fi tsauri. Mutane da yawa suna sayenta saboda abin da suka ji a faifai, su kawo gida su ji ƙasan yana yawo kamar kunu, su ɗauka an cuce su. Ba a cuce su ba. Abin da suka ji a faifai akwai ƙaramar feda a gabanta, galibi Tube Screamer ta Ibanez, an mayar da kaushinta sifili an ɗaga ƙarfinta, ita ce ke yanke ƙasan da ya yi yawa kafin ya shiga amfilifayar. Ko wacce ka saya a cikin ukun, ka ware kuɗin wannan fedar, da wata mai toshe shuu idan ka daina bugawa.

Yanzu ga abin da na fi so ka ji. Duk ukun nan kan amfilifaya ne kawai, babu lasifika a jikinsu, kuma ban ga ka ambaci akwatin lasifika a lissafinka ba. A kunnena, akwati da lasifikar cikinsa suna ɗaukar rabin sautin, in ma ba su fi ba. Na taɓa haɗa kai mai tsada da akwatin masu kiɗan biki, irin mai ƙaho a sama, abin da ya fito ba ya sauraruwa, tsiwa ce zalla. Lasifikar jita daban take, da gangan aka yi ta ta datse saman sauti. Wadda aka fi sani a metal ita ce Vintage 30 ta kamfanin Celestion, mai inci 12. Akwati mai huɗu shi ne na dandali, amma nauyinsa yana kusan kilo 40, kuma a ɗaki mai biyu ya ishe ka har ya yi yawa. Idan kafinta za ka ba ya haɗa maka a nan, a yi shi da fale-falen katako mai kauri, a rufe bayansa ruf, ka sayo lasifikokin kawai.

Sannan ka yi tunanin maƙwabta. Kada lambar wat ta ruɗe ka: bambancin wat 50 da wat 100 a kunne ɗan kaɗan ne, desibel 3 kacal, dukansu sun fi ƙarfin gida. A Mabera, inda katanga ke jingine da katanga, ga masallaci a kowane layi, ga tsofaffi da masu jego, ba za ka kai maɓallin ƙara ko lamba biyu ba kafin a yi maka sallama, kuma da gaskiyarsu. Akwai na'urar da ke tsayawa a madadin lasifika ta shanye ƙarfin, irin Torpedo Captor ta kamfanin Two Notes, sai ka buɗe amfilifayar yadda take so, kai kuma kana ji ta abin kunne ko ta kwamfuta. Ni da ita nake aiki kusan kullum.

Zan kuma faɗa maka gaskiyar da masu son bawul ba sa son ji. Na'urorin da ke kwaikwayon amfilifaya, tun daga Kemper ta Jamus da ta fito a 2011 har zuwa Helix da Quad Cortex, sun kai inda idan an ɗauki sauti an gauraya shi da ganguna, ni kaina ba koyaushe nake gane wanne ne wanne ba. Ba sa tsoron zafi kamar bawul, kuma ƙaramar sola tana ɗaukarsu. Inda bawul ya tsere musu shi ne a ƙarƙashin yatsa, yadda yake amsa maka idan ka sassauta bugu ko ka tsananta, da yadda iska ke motsi a gaban akwati. Idan wannan kake nema, to kuɗinka bai tafi a banza ba.

Ɗan Mabera ya rubuta:

Baba, na gode ƙwarai, Allah ya ja da kwana. Na duba soket ɗin ɗakina da yammacin nan tare da mai wayarin, kuma kamar kana gani, babu wayar ƙasa ko ɗaya a gidan. Mun yi magana zai zo ranar Asabar. Malam na Gawon Nama, maganar akwati ta sauya mini lissafi gaba ɗaya, domin na ɗauka zan iya amfani da lasifikar ƙaramar amfilifayata na ɗan lokaci. Idan na cire kuɗin akwati da feda da sitabilaiza da na'urar shanye ƙarfi, Dual Rectifier ta fita daga hannuna a bana. Saura biyu. Na aika wa mutumin Legas ya ɗauko mini hoton bayan tasa, ina jira.

Alhaji na Runjin Sambo ya rubuta:

Ƙanena, na karanta duk abin da aka rubuta, kuma zan saɓa wa ɗan'uwanmu na Gawon Nama a wuri guda, tare da girmama iliminsa. Shi ya amsa maka a matsayin wanda zai sayi amfilifaya ɗaya ya yi aiki da ita gobe. Kai kuwa ka ce tarawa za ka yi. Mai tarawa da abin da zai yi wuyar samu nan gaba yake farawa, ba da abin da ke ko'ina ba. An ƙera 5150 da 6505 da yawan gaske, bana ko baɗi ko shekara biyar masu zuwa za ka same ta. JCM800 ta shekarun 1980 da ba a taɓa cikinta ba kuwa kullum raguwa take yi, ga shi kana da ɗan'uwa na jini da zai tsaya a gabanta ya gani da idonsa, ga wutarta daidai da tamu. Ƙari a kan haka, cikinta a sarari yake, kayan ba su da yawa, duk mai gyaran da ya san bawul irin Baba zai iya bin ta daga farko zuwa ƙarshe. Na zamani masu tashoshi uku da huɗu, irin su ENGL da Diezel na Jamus, sautinsu abin mamaki ne, ina da ɗaya, amma ranar da ta samu matsala sai da na yi wata huɗu ina neman wanda zai yarda ya buɗe ta.

Ina da guda biyar a yanzu, na tara su cikin shekara goma sha shida ina fatauci tsakanin nan da Legas da Kwatano, kuma darasi mafi tsada da na koya a kan ta biyu ne. Na saye ta a hannun wani ɗan kasuwa bisa hoton gaba kawai. Fuskarta tsaf, tambarinta yana ƙyalli. Da ta iso na ji sautin ba shi da rai, aka buɗe, sai ga taransifomar fitar da sauti ba tata ba ce, an ɗauko ta wata na'ura an huda sababbin ramuka an ɗaure ta, tsofaffin ramukan suna nan a buɗe kusa da ita. Rabin darajarta ya tafi, kuma ba ni da wanda zan kama. Tun daga ranar ba na biyan ko kwabo sai na ga hoton lambar na'ura, da hoton taransifomomi biyun ta kusa yadda lambobin jikinsu za su karantu, da hoton cikin daga mai gyara, da bidiyon da aka kunna ta ana murɗa kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Ka ce wa ɗan baffanka ya duba ko an huda wani rami a gaba ko a baya, domin a shekarun 1980 an yi ta yi wa Marshall gyare-gyare don ƙara mata kaushi, wasu da gwaninta, wasu da ganganci. Ya duba ramukan shigar jita kuma: na farkon shekarun a tsaye suke, ɗaya bisa ɗaya, na baya kuma a kwance, kuma masu tarawa sun fi daraja na tsaye. Wadda aka sayar a Ingila manyan bawul EL34 za ka tarar a cikinta, waɗanda aka kai Amurka a wancan lokaci da yawansu 6550 aka sa musu, kuma sautin ya ɗan bambanta.

Kada ka bari sunan da ake yayatawa ya ja ka fiye da kunnenka. Mark IIC+ ta Mesa/Boogie, wadda aka ƙera na ɗan gajeren lokaci a wajen tsakiyar shekarun 1980, kuɗinta ya yi tashin gwauron zabo saboda makaɗan metal na Metallica sun ɗauki sauti da ita a wancan zamani, har kamfanin, wanda Gibson ya saya a 2021, ya sake fitar da ita sabuwa. Haka 5150 ta farko mai manyan haruffa a fuska ta fi mai ɗauke da sa hannun Van Halen tsada, alhali cikinsu kusan ɗaya ne. Wannan kasuwar masu dala ce, mu da muke canza naira ba mu da abin yi a cikinta.

Batun bawul kuma ka shirya masa tun yanzu. Masana'antun da suka rage a duniya ƙalilan ne, mafi shahara su ne ta Saratov a Rasha, da JJ a Sulobakiya, da wasu a Sin. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya tashi, bawul ya yi wuya a ko'ina, kuɗinsa ya hau. A kasuwar garin nan ba za ka samu ba. Saboda haka duk wanda zai aiko maka da amfilifaya, ya haɗo da manyan bawul huɗu da aka auna suka dace da juna, da ƙanana biyu ko uku, da fis na lambar da ta dace. Marshall tana bukatar a daidaita mata wutar hutun bawul, wato wutar da ke ratsa shi lokacin da ba a kaɗawa, duk lokacin da aka sauya manyan, aikin mai gyara ne da mita, ba na gida ba.

Idan kaya sun sauka Legas, kada ka bari a ɗora ta a motar dare haka nan. Tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, kuma kan amfilifayar kaɗai ya kai kilo 20, yawancin nauyin taransifoma ne da ke fizgar ƙarfen a kowane rami. A zare bawul ɗin duka, a rubuta wa kowanne lambar raminsa, a naɗe su daban a cikin kwali, a cusa soso a kowane gefe na akwatin. Kuma in ka fara tarawa, ka sani cewa ajiya ba kunnawa ita ma cuta ce ga kafasita. Ni kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci nake kunna ɗaya, ta yi rabin awa, mako mai zuwa in kunna ta gaba.

Ɗan Mabera ya rubuta:

Yaya Alhaji, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Hoton Legas ya iso da safiyar nan, kuma bolt 120 ne rubuce a bayanta, ga tsatsa a kan sukurorin da gefen taransifoma ɗaya. Na ba mutumin haƙuri. Ɗan baffana kuma ya koma wurin mai Marshall jiya: ramukan shigar jita a tsaye suke, babu hudar da aka ƙara, sai dai mai ita ya ce ta shekara shida a ɗakin ajiya ba a kunna ta ba, kuma bai san ko an taɓa sauya kafasitocinta ba. Ya rage kuɗin saboda haka. Na ce a biya, a haɗo da bawul da fis kamar yadda ka ce. Malam na Gawon Nama, 6505 tana nan a lissafina a matsayin ta biyu, kuma ina roƙon ka ba ni awon akwati mai lasifika biyu in kai wa kafinta. Baba, idan ta iso lafiya, zan iya kawo maka ita kafin in kunna?

Baba Mai Rediyo ya rubuta:

Ka kawo ta, ɗana, kuma kada kowa ya soka ta a wuta kafin nan, ko a can Ingila, tunda ta shekara shida tana barci. Ka ce wa ɗan'uwanka ya sayo sababbin manyan kafasitoci na lambar da ke jikin tsofaffin ya haɗo da su, domin na'urar da ta haura shekara arba'in, ko sun yi aiki a ranar farko ba zan bar maka su a ciki ba a wannan zafin. Zan fara tashinta ne ta cikin kwan fitila mai zare, irin na da, wanda nake jerawa a kan layin wutarta: idan kwan ya yi haske ya dushe a hankali, lafiya take, idan ya tsaya da haske, akwai inda wuta ke zurarewa, sai mu kashe mu nema tun kafin wani abu ya ƙone. Akwai maɓallin zaɓen ƙarfin wuta a bayan yawancin irinta, shi ma zan duba inda aka ajiye shi. Ka zo da sassafe kafin rana ta buɗe, ka taho da akwatin lasifikar da wayarsa, da jitarka, domin bayan na gama awo kai ne za ka buga mu ji.